Zafin da Muka Raina

Abu Hamour, Doha
5 ga Yuni

Sa'adiyya ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ja'afaru. Mu nan lafiya lau, sai ɗan ciwon baya da kan taso mini in na daɗe a mota. Matata Kausar tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ita ba ruwanta da faɗanmu.

Na zaɓi in rubuto ne saboda wayarmu ta jiya. Ni da ke in muka hau waya, minti biyar ba ya cika sai murya ta tashi, tun muna yara haka muke. A rubuce aƙalla ba za ki katse ni ba.

To, kin ci. Inna ta zaɓi zuwa wurinki Bradford, can Ingila. Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo. Tun rasuwar Baba nake roƙonta ta bar Haɗeja ta zo ta huta a wurina ko da wata uku ne. Na gyara ɗaki, na sayi sabuwar katifa, Kausar ta je kasuwar Souq Waqif ta sayo darduma da turaren wuta irin wanda Inna take so. Sai kawai kika kira ta kika karanto mata lambobi daga wayarki, wai Doha wuta ce a watannin nan, wai ma'aunin zafi har arba'in da biyar. Tsohuwa ta ji an ambaci wuta, ta ce a'uzubillahi, magana ta ƙare.

Haba Sa'a. Ni da shekara tara nake aikin sanyaya gine-gine a Lusail, nan gefen Doha, ni za a ce gidana ya yi wa uwata zafi? A falona sai kin nemi mayafi. Amma khalas, shi ke nan, kamar yadda mutanen nan suke cewa. Allah ya kai ta lafiya.

Ga abin da za ki kula da shi. Maganin hawan jininta ƙwaya biyu ne da safe. Ƙaramar tana sa ta yawan zagayawa, saboda haka takan ɓoye ta a bakin zane ta ce ta sha. Ki tsaya a kanta. Azumin Litinin da Alhamis kuwa kada ma ki ɓata bakinki, Baba ya yi shekara talatin bai iya hana ta ba.

Ki rubuto da zarar ta sauka.

Yayanki,
Mas'udu

*

Bradford
13 ga Yuni

Yaya Mas'udu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni. Ja'afaru ya koma wurin aikinsu na mai a bisa teku, sai ƙarshen wata mai zuwa. A gaida Anti Kausar, na gode mata da ta tsame hannunta.

Inna ta sauka lafiya ranar Laraba. Da muka fito daga filin jirgi ana yayyafi. Kafin mu kai mota rana ta fito. Muna hanya iska ta taso har da ƙanƙara 'yan ƙanana, muna isa gida kuma gari ya yi wasai kamar ba a yi komai ba. Inna ta leƙa ta taga ta ce, "Sa'a, wannan gari bai san abin da yake so ba." Wai wannan shi ne lokacin zafinsu, Yaya. Suwaita biyu take sawa, da safa, ta lulluɓa da bargo tana jan carbi.

Ka ce na karanto mata lambobi. To a nan kowa lambobi yake karantawa. Ba mai fita ƙofa sai ya duba hasashen yanayi a waya, ya san ko laima zai ɗauka ko rigar sanyi ko duka biyun. Tsohuwar Baturiyar da ke hawan ƙasa a gidanmu, shekara huɗu muna tare ban san sunan 'ya'yanta ba, amma kullum sai ta tsayar da ni ta gaya mini ƙarfe nawa za a yi ruwa. Gaisuwarsu ke nan. Da na zo nakan yi musu dariya, sai da na sha dukan ruwa sau uku a tashar bas na shiga taitayina.

Ranar farko da Inna ta ji na ce, "Ƙarfe uku za a yi ruwa," sai ta ajiye kofi ta ce, "Wa ya gaya miki? Duba kika fara?" Na yi bayani har na gaji. Aka yi sa'a ranar ba a yi ruwan ba, ta yini tana cewa Allah ya ƙaryata boka. Amma jiya da za ta shanya zanenta na ji ta daga kicin tana cewa, "Ke, me bokan naki ya ce yau?"

Gidan dai ka san shi a hoto. Muna hawa na uku, mu ne a ƙarƙashin rufi. Matakala tana ba ta wuya, don haka ba ta cika sauka ba. Tagogin ma ba sa buɗewa sai kamar faɗin tafin hannu, haka aka yi su. Tana ƙorafin ba tsakar gida, ba inda mutum zai shimfiɗa tabarma ya ga sama. Ni kuma aikina na gidan kula da tsofaffi daga takwas ne zuwa takwas, kwana huɗu a mako. Kaɗaicin yana damuna a madadinta, ita kuwa ta ce ta samu lokacin karatu.

Na kama ƙwayar a bakin zane sau biyu. Azumin nan kuwa kusan awa goma sha tara ne, rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi. Ta ce da sanyin nan ko ƙishi ba ta ji.

Kada ka riƙe ni a rai, Yaya. Ba gasa nake yi da kai ba.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya

*

Abu Hamour, Doha
11 ga Yuli

Sa'adiyya,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Bayan ya yi sauƙi.

Kusan wata guda ban ba ki amsa ba. Zan iya cewa aiki ne, don wannan ne lokacin da kowane gini a Lusail yake kukan na'urarsa ta gaza, amma ba aiki ba ne. Kin ce ba gasa kike yi ba. Wanda ya riga ya ci ne yake faɗin haka.

Na ga hoton da kika turo na ranar Idi. Uwata cikin ƙatuwar kwat har gwiwa, hannu cikin aljihu, kamar mai gadin banki. Na nuna wa Osman, wani ɗan Sudan da muke aiki tare, ya ce, "Wannan a watan bakwai?" Mu nan mun yi sallah tun rana ba ta ɗaga ba, muka dawo muka ci tuwo da miyar kuka. Kausar ta zuba kwano ɗaya fiye da adadinmu bisa kuskure, sai ta mayar da shi. Ɗakin nan har yanzu a gyare yake.

Da na kira Inna ta yi mini labarin bokanki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ke kin zama Baturiya, ga shi kina neman mayar da ita.

Ki gaishe ta.

Mas'udu

*

Bradford
Juma'a, 15 ga Yuli

Yaya,

Barkanmu da Sallah. Lafiya muke. Zan bar maganar wasiƙarka zuwa wani lokaci, yau shawara nake nema, kuma wurin injiniya nake nemanta, ba wurin yayana mai fushi ba.

An fitar da gargaɗi yau, kuma ja ne, irin wanda maƙwabciyata ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin an fitar saboda zafi ba. Sun ce Litinin da Talata zafi zai kai arba'in a wasu garuruwan, mu ma ba za mu yi nisa da haka ba. Gari duk ya rikice. Na zaga shaguna uku neman fanka, babu, an wawashe. Ana cewa a rufe labule, a yi ta shan ruwa, a riƙa leƙa tsofaffi.

Ni ma na fara da dariya, wallahi. Na ce arba'in ne ake wa wannan kururuwa? Amma Yaya, gidan nan ba irin namu ba ne. An gina shi ne don ya riƙe ɗumi. Ko jiya da bai kai talatin ba, da na dawo ɗakin Inna kamar an kashe murhu a ciki. Ba esi, ba fanka, ga kafet, ga rufi a kanmu.

Ina da aiki Litinin da Talata. Shugabarmu ta ce ranakun nan ba wanda za a ba hutu, don tsofaffin da muke kula da su su ne aka fi ji wa tsoro. Na san in na dage zan samu wata ta canje ni, amma za a rubuta mini laifi, kuma ka san takardar zamana a kan aikin nan take rataye. Na ce wa Inna ta bar azumin Litinin ɗin nan kawai, ta rama in gari ya yi sanyi. Ta dube ni ta ce, "Boka ne zai karya mini azumi?"

Kai take ji, Yaya. Ni ƙarama ce a idonta har gobe. Don Allah ka kira ta. Kuma ka gaya mini gaskiya, ɗaki irin wannan yana da haɗari ko ni ce na cika tsoro? In ka ce in zauna a gida zan zauna, ko me za a rubuta.

Sa'adiyya

*

Abu Hamour, Doha
Asabar, 16 ga Yuli

Sa'a,

Lafiya muke, Alhamdulillahi. Na karanta wasiƙarki a wurin cin abincin rana, na karanta wa Osman, sai da shayi ya sarƙe shi.

Arba'in! Yau da na fito daga ofis motata ta nuna arba'in da bakwai, ga iska mai gumi, tabarau yana yin hazo da zarar ka buɗe ƙofa. Ba wanda ya fitar da jan gargaɗi, ba wanda ya wawashe fanka. Mun je aiki mun dawo, na biya kasuwar kayan gwari na sayo kankana. Arba'in a nan ai sai mu ce gari ya yi daɗi.

Ke da kika ce Doha wuta ce, ga wutar ta bi ki har gida. Allah mai iko.

Kin manta 'yar ina ce Inna? Matar da ta yi shekara sittin da takwas a Haɗeja. Kin manta azumin da ya faɗo a watan huɗu, lokacin da kwalta ke narkewa a hanyar Gumel, tana daka tana girki da azumi a bakinta, ba wuta ba fanka? Turawa ne ba su saba ba, jikinsu na sanyi ne. Wata guda tana rawar ɗari a gidanki, yanzu Allah ya kawo mata kwana biyu da za ta cire suwaita ta ji ta kamar a gida, ke kuma kina so ki tsaya a kanta da kofin ruwa.

Kada ki taɓa aikinki. In suka sallame ki, bokan wayar ne zai ba ki takardar zama? Ki ajiye mata ruwa a firji, ki ja labule, ki tafi. Yalla, maza.

Na kira ta kamar yadda kika ce. Mun yi dariya sosai. Ta ce ta ga Baturiyar nan tana liƙa takarda mai ƙyalli a taga kamar mai tsaron aljanu. Na ce mata ta yi azuminta, Allah ya karɓa, ta sa mu a addu'a.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar Ingila.

Yayanki,
Mas'udu

*

Lusail
Talata, 19 ga Yuli

Sa'adiyya,

Ina fata lafiya. Tun jiya da yamma nake kiran wayar Inna tana ta ƙara ba a ɗauka. Taki ma haka. Na kira Ja'afaru ba ya shiga. Kausar ta ce ƙila fushi kike yi saboda wasiƙata. In fushi ne na karɓa, na san na yi tsiya da yawa, ki yi haƙuri. Amma ki bar Inna ta ɗauki waya.

Ina ofis na kasa yin komai. Na sauke irin abin hasashen yanayin nan naku a wayata, na sa Bradford, ina ta kallon lambar tana hawa. Ko kalma ɗaya ce ki turo.

Mas'udu

*

Bradford
Laraba, 20 ga Yuli

Yaya Mas'udu,

Ni lafiyata ƙalau. Inna ce ba lafiya. Tana asibiti tun ranar Litinin, a ɗakin da ake ajiye waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Na ga kiranka duka. Na kasa ɗauka saboda ban san da wace murya zan yi maka magana ba.

Na yi yadda ka ce. Na cika gora uku na sa a firji, na ja labule, na tafi. Da safen har ta tsokane ni, ta ce yau ce rana ta farko da ƙashinta ya daina ciwo tun da ta zo. Ƙwayoyin nata biyu ta sha su da sahur a gabana, har da ƙaramar, ni na tsaya a kanta. Likita ya ce wannan ƙaramar ta ƙara tsotse ruwan jikinta.

Ƙarfe ɗaya na kira ta, ta ce lafiya, tana ɗan jin jiri ne za ta kwanta. Na ce ta sha ruwa, Allah ba zai kama ta ba. Ta ce, "Mas'udu ya ce ba komai, shi da ya san zafi." Ƙarfe huɗu na sake kira ba ta ɗauka ba. Na ce barci ne. Yaya, a lokacin ina durƙushe gaban wani tsoho ina ba shi ruwa da cokali. Mutum goma sha ɗaya na shayar ranar, kowane rabin awa, ina rubutawa a takarda. Iyayen wasu.

Ƙarfe shida hankalina ya ƙi kwanciya, na roƙi maƙwabciyar nan ta hau ta ƙwanƙwasa. Ta hau da sandarta, hawa uku, ta yi ta bugu ba amsa. Ita ta kira motar asibiti, ma'aikatan motar su suka ɓalle ƙofar. Sun same ta a ƙasa tsakanin gado da darduma, jikinta zafi rau kuma ba gumi ko ɗigo. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini da suka shiga ɗakin sai da numfashinsa ya tsaya. Gorunan uku suna firji ba a taɓa ba.

Sun ce ƙodarta ta tsaya, sun sa mata na'urar wanki. Zuciyar ma ta taɓu. Jiya ta buɗe ido sau ɗaya, ta tambaye ni ko an kira magariba. Na ce an kira. Na jiƙa auduga na sa mata a leɓe.

A Haɗeja akwai gindin darbejiya, akwai randa, akwai iskar da ke ratsa zaure, akwai maƙwabta da ke shigowa ba sallama. Na san wannan duka, na ma rubuta maka rabinsa. Amma na so a ce mini ba komai, saboda ina tsoron takardata, kai kuma ka ce. Ban san wanda na fi jin haushi ba tsakanina da kai.

Yau ana ruwa. Mutane sun koma sa rigar sanyi.

Ka nemi biza.

Sa'adiyya

*

Abu Hamour, Doha
Alhamis, 21 ga Yuli

Sa'adiyya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya tashi kafaɗarta. Ba zan ce miki muna lafiya ba.

Na je ofishin biza tun da safe. Na cike takardu, na kai wasiƙar asibitin da kika turo, na biya na gaggawa. Sun karɓi fasfo sun ce in jira, ba su faɗi rana ba. Wurin aiki sun ba ni hutu.

"Na yi yadda ka ce." Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Ban sani ba ko zargi ne ko labari kawai kike ba ni, kuma ba sai kin faɗa ba, duk ɗaya ne.

Kin ce wurin injiniya kike neman shawara. To injiniyan ya san amsar, Sa'a. Na san abin da ɗaki rufaffe a ƙarƙashin rufi yake zama da la'asar. Ranar da na'ura ta lalace a gini a nan, kafin awa biyu muke fitar da mutane, ni nake sa hannu a takardar. Na san a ƙasar nan an hana leburori aikin waje da tsakar rana a watannin nan, kuma na san dalili. Da Osman ne ya kawo mini maganar uwarsa, da na ce ya ɗauke ta daga ɗakin tun Lahadi. Amma ke ce kika tambaya, ni kuma wata guda da rabi ina jiran ranar da zan ce miki ga shi nan. Shi ke nan dalilin, ba wani.

Arba'in da bakwai ɗin da na yi miki alfahari da shi, yaushe na taɓa zama a cikinsa? Daga gida mai sanyi zuwa mota mai sanyi zuwa ofis mai sanyi. Ɗazu da na dawo na faka mota a ƙofar gida, na kashe ta, na bar gilashi a rufe, na zauna. Minti bakwai na iya. Na fito ina layi, Kausar ta tare ni da ruwa tana kuka tana cewa hauka nake yi. Ni da ba azumi, ba hawan jini, ba shekara sittin da takwas.

Da na sani ƙeya ce. In ta sake buɗe ido ki sa mata waya a kunne, ko ƙarfe nawa ne. Kada ki ce mata komai a madadina, ni zan faɗa da bakina.

Mas'udu

*

Bradford
Lahadi, 24 ga Yuli

Yaya,

Na san ka ji ni ɗazu a waya kafin layin ya yanke. Anti Kausar ta ce kana zaune a ɗakin da kuka gyara, ba ka magana da kowa. Shi ya sa na rubuto, don akwai abin da dole sai ka amsa.

Inna ta cika bayan azahar, ina riƙe da hannunta. Ba ta sake farfaɗowa ba tun ranar Talata. Na sa mata wayar a kunne ranar Juma'a kamar yadda ka ce, na fita na bar ku. Ban san ko ta ji ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ja'afaru ya iso. Mutanen masallacinmu sun tsaya mana, matan sun ce za su yi wanka tare da ni. Asibiti za su sake ta gobe in takardu sun kammala. Limamin ya ce akwai hanya biyu. Ko a yi jana'iza jibi a maƙabartar Musulmi ta nan, ko a ajiye ta a firji har bizarka ta fito, ka zo ka sa ta a kabari da hannunka, ko ma a nemi kai ta Haɗeja kusa da Baba. Na biyun zai iya ɗaukar mako biyu ko uku, ba wanda ya sani.

Sun ce kai ne babba, kai ne namiji, maganarka ake jira. Ni ban da ra'ayi, kaina ba ya aiki. Layin nan da ka yi ta karantawa, rabi zargi ne. Rabin kuma nawa ne, ni na ja ƙofa na kulle. Ba ni da wani ɗan'uwa sai kai.

Ka ba ni amsa kafin safiya.

Sa'adiyya

*

Abu Hamour, Doha
Lahadi, 24 ga Yuli

Sa'adiyya ƙanwata,

Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya sa azuminta ya cece ta. Allah ya ba mu haƙuri. Ki gode wa Ja'afaru da mutanen masallaci. Ki sauka ki gode wa tsohuwar nan da ta hau bene da sanda, ki tambaye ta sunanta ki rubuto mini.

Babu abin da nake so a duniya kamar in ga fuskarta, in shiga ramin nan in karɓe ta. Na zauna na yi ta neman hujjar da zan ce a jira, kuma duk hujjar da na samo tawa ce, ba tata ba. Kin san faɗan da ta yi ranar da aka jinkirta jana'izar Baba awa uku saboda ana jiran mutanen Kano. Sau ɗaya na sa son raina a gaban lafiyarta, ba zan ƙara ba.

Jibi bayan azahar ɗinku za mu yi mata salla a nan, ni da Osman da 'yan'uwanmu Hausawa na unguwa. In biza ta fito zan zo, ki kai ni wurin. Zan zauna da ke har a yi arba'in, in kin yarda.

Ki gaya wa liman a rufe ta jibi. Kada ku jira ni.

Yayanki,
Mas'udu